Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, marayan Bebeji da ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma

 A filin tarihi na wannan mako mun ɗauko rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda aka haifa a 1877, ya rasu a 1955. Sunan ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa kai tattasai ko bandar kifi kasuwannin Najeriya. Abin da mutane da yawa ba su ji ba shi ne yadda ya taso. Maraya ne, ya yi bara a makarantar allo, an kama shi a yaƙi, sannan yaƙin duniya ya tare masa hanya a lokacin da yake ganin ya isa ya tsaya da ƙafarsa.

Gidan fatake

Ɗantata Ba'agale ne. Agalawa kuwa, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne manyan gidajen da suka riƙe fataucin goro a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Kakannin Agalawa daga arewa suka gangaro, daga wajejen Azbin, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano. Kambarin Barebari su kuma asalinsu Borno ne, kun ga ke nan jama'armu ba bare ba ce a cikin wannan sana'a. Kakan Alhassan, wanda ake kira Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga Katsina ya zauna a Madobi, kudu da birnin Kano. Ɗansa Abdullahi ya gaji sana'ar, yana kai ayari Gwanja.

Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau, babbar kasuwarta a lokacin ita ce Salaga. Can ake kawo goron da ake tsinkowa a dazukan Asante. Tafiyar wata da watanni ce a ƙasa, da jakuna da ƴan alaro, madugu na jan ayari, ana biyan fito a bakin kogi, ana biyan sarakunan hanya, ana kwana da shirin ƴan fashi. Cikin kayan da fatake ke ɗauka zuwa can akwai tufafin Kano da kayan fata, akwai kuma kanwa. Kanwar nan da yawanta daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi take fitowa, wato daga nan wajejenmu na Maine Sorowa da Gudumariya. Sai ta bi ta Kano, ta ƙare a hannun mutanen Gwanja, a dawo da goro.

A kan irin wannan tafiya ne, a shekarar 1877, matar Abdullahi, Fatima wadda aka fi sani da Amarya, ta haihu a zangon Bebeji. Aka sa wa yaron suna Alhassan. Da Abdullahi ya komo daga Gwanja sai ya bar Madobi ya mai da Bebeji gida.

Tata da asusu

Alhassan bai wuce shekara takwas ko tara ba mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado bisa shari'a, amma ƴaƴan ƙanana ne, ba mai iya juya dukiya a cikinsu. Mahaifiyarsu Amarya ita ma ƴar kasuwa ce mai abin hannunta. Ta tashi ta koma Ankara, babban birnin Gana na yanzu, inda Hausawa ke da zango, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka samo laƙabin Ɗantata. Sunan da a yau ke rubuce a jikin kamfanoni da manyan gine-gine, asalinsa sunan baiwa ne da ta riƙe marayu.

Rabon gadon Alhassan bai daɗe ba ya ƙare. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya rayu irin ta almajirai, ga karatu, ga bara, ga aikin ƙarfi don a samu na tuwo. Tata ce ta koya masa ajiya. Ta samo masa asusu, duk ɗan abin da ya samu sai ta sa ya jefa wani abu a ciki. Wannan ɗabi'a ta bi shi har tsufa, don waɗanda suka yi zamani da shi sun shaida cewa mutum ne mai tattali, wanda ba ya kashe kuɗi a kan abin nuna isa.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu sake ba. Ya sayi ɗan kaya a Bebeji, ya sayar da wani a hanya, ya ƙarasa sauran a Ankara. Mai tsammanin uwa mai arziki za ta zaunar da shi ya huta, to ba haka aka yi ba. Amarya ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can, ya ci gaba da karatu, ya nemi na kansa. Zaman Ankara ya nuna masa teku da jiragen ruwa, da yadda Turawa ke sauke kaya suna loda wasu. Abin da ya gani a can ya yi masa rana daga baya.

Yaƙin Basasa

Ya dawo Bebeji ya tarar da ƙasar Kano ta rikice. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Ƴaƴan marigayi Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fita birni a ƙarƙashin Yusufu suka yi sansani a Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ɗan uwansa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894.

Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, don haka da Yusufawa suka yi rinjaye, abin ya faɗa kansu. Aka kwashe dukiya, aka kama mutane. Alhassan da ƴan uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama aka mai da bayi. Allah ya sa suka samu fansar kansu suka koma gida. Saurayin da ya fara ɗan tara jari ya sake komawa farko, kamar yadda ya faru da shi bayan rasuwar mahaifinsa.

Ba a yi shekara goma ba wani yaƙin ya sake bi ta Bebeji. A farkon watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila da suka taso daga Zariya suka fasa ƙofar garin da igwa, kwana biyu bayan nan suka ci birnin Kano. Suka naɗa Abbas sarki. Duniyar fataken ƙasa ta fara canzawa daga wannan lokaci.

Goro ta jirgin ruwa

Tsohuwar hanyar Gwanja ta riga ta lalace. Salaga ta yi nata yaƙin basasa a 1892, Turawan Ingila da Jamus da Faransa kuma sun yanka ƙasashen da ayari ke ratsawa, kowa da kuɗin fitonsa. Ɗantata ya duba ya ga akwai wata hanyar. Ya riƙa bi ta Ibadan zuwa Ikko, wato Legas, kuma wajen 1906 ya fara loda goro a jirgin ruwa daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko, daga nan a hauro da shi arewa. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, sai an yi ta buɗe shi ana tsince ruɓaɓɓe ana sake ganye. Wanda ya rage kwanakin hanya ya rage asara, ya kuma riga abokan sana'a isa kasuwa. Abin da ayari ke yi sau ɗaya a shekara, shi yana iya juya shi sau da yawa.

Ban da goro ya riƙa sayar da duwatsun ado, da murjani, da yadin Turawa. Matarsa Umma Zariya ta taimaka masa ƙwarai a nan, domin ita ke shiga gidajen kulle ta sayar wa mata, inda namiji ba ya shiga. Da harka ta buɗe sai ya koma birnin Kano ya kafa gida a Sarari, ta wajen unguwar Koki, inda zuriyarsa take har yau.

Jirgin ƙasa, gyaɗa da kantunan Turawa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Kamfanonin Turawa suka biyo shi suka kafa shaguna da ɗakunan ajiya a bayan ganuwa. Kalmar kanti da muke faɗa yau daga bakin Turawan Ingila ta shigo Hausa. Da ita suke kiran wurin da ake sayar wa soja kaya a bariki, da ita kuma aka riƙa kiran shagunan kamfanoni. 

Turawan mulki auduga suka so manoman Kano su noma don masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, wadda wasu namu ke kira gujiya. Dalilinsu a fili yake. Kuɗinta ya fi, ƙasar jigawa na karɓarta, in kasuwa ta faɗi ana iya cinta a gida, harawarta kuma abincin dabbobi ce. A Turai ana neman manta don yin sabulu da man shafa wa burodi. Ga haraji da aka koma karɓa da kuɗin Bature, dole manomi ya nemi abin da zai sayar.

Kamfanonin suna da kuɗi amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Fataken goro su suka san wannan. Ta hannun Sarki Abbas aka haɗa su da manyan attajiran birni, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Ɗantata ya riƙa sayo masa gyaɗa. Tsarin shi ne kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu ƙauyuka da buhuna da sikeli. Wani manomin ma tun da damina ake ba shi, ya biya da gyaɗa in an cire. Duk harkar a kan amana take tafiya. In yaro ɗaya ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya kamfani. Ɗantata ya yi fice wajen zaɓen mutane da bin lissafi, ga shi bai yi boko ba, da ajami yake rubuta abinsa. Zuwa 1922 ya wuce duk attajiran Kano dukiya.

A 1929 abubuwa biyu suka faru. Niger Company ya haɗe da wani kamfanin aka samu UAC, Ɗantata ya zama babban mai sayo masa gyaɗa a arewa. A shekarar kuma bankin Turawa na Afirka ta Yamma, wanda ya zama First Bank na yau, ya samu babbar ajiya a reshensa na Kano. Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Wannan labari har yanzu ana ba da shi a Kano. An kuma san shi da ƙin karɓar kuɗin ruwa a kan ajiyarsa.

Harkar ta taɓo mu nan ma. A 1930 layin dogo ya kai Nguru, kusa da fadamun da ruwansu ke gangarowa Komadugu, sai garin ya zama babbar mahadar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu na ƙasar Borno da Manga. Gyaɗar Damagaram da Magarya da Maraɗi ita ma shekaru da yawa ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa Ikko. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, wadda ake dangantawa da Ɗantata, ta samu ne domin jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara a kan lokaci, sai a jera buhuna dubbai a tsibi a lulluɓe da tamfol.

Lokacin yaƙin Hitila

Duk da wannan arziki, Ɗantata ɗan tsakiya ne. Shi ke tara gyaɗa, amma kamfanin Turawa ke fitar da ita waje, can kuma babbar riba take. A 1940 ya nemi lasin saye da fitar da gyaɗa da kansa, daidai da UAC. Aka hana shi, aka ce halin yaƙi ne.

Yaƙin duniya na biyu ya matse kowa a wannan yanki. Faransa ta faɗi a watan Yuni na 1940. Nijar ta zauna a hannun gwamnatin Vichy har zuwa ƙarshen 1942, Chadi kuwa a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta na 1940, Najeriya na hannun Ingila. Ƙasarmu ta Diffa ta samu kanta tsakanin ɓangarori masu gaba da juna, iyaka ta tsananta, fatauci ya koma na ɓoye. Jiragen saman yaƙi da ake haɗawa a Takoradi suna sauka Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, a hanyarsu ta zuwa Masar. Aka ɗebi samarin arewa aikin soja har Bama. Yadi da gishiri da kananzir suka yi wuya a kantuna.

Da Japan ta kama ƙasashen gabashin Asiya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun man girki da yawa, sai ta juyo kan gyaɗar Najeriya. Gwamnati ta kafa hukumar da ke yanke farashi ita kaɗai, aka raba kason saye tsakanin tsofaffin kamfanonin Turawa gwargwadon abin da kowannensu ke fitarwa kafin yaƙi. Ɗan ƙasa da bai taɓa fitarwa ba ba shi da kaso. Ɗantata ya ci gaba da aikinsa na tarawa, ya kuma ƙara ƙarfi a sauran harkokinsa na goro, shanu, hatsi da tufafi. Sai a kakar 1953 zuwa 1954, shekara goma sha uku bayan roƙonsa na farko, ya samu lasin sayen gyaɗa kai tsaye a madadin hukumar kasuwancinta, ba tare da ya bi ta hannun wani kamfani ba. Yana da shekara 76 a lokacin.

Addini da zaman jama'a

Ɗantata ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. Ya yi aikin Hajji a farkon shekarun 1920, ta jirgin ruwa daga Ikko, ya bi ta Ingila, inda masu rubuta tarihinsa suka ce an gabatar da shi ga Sarki George na Biyar. A lokacin yawancin alhazan ƙasar Hausa da Borno ta ƙasa suke bi, ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Ya biya wa malamai da wasu na jikinsa kuɗin Hajji, yana fitar da zakka, yana yanka shanu a raba wa talakawa lokacin salla. Yana cin abinci tare da yaransa na kasuwa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero an sa shi cikin majalisar sarki, abin da ba a saba yi wa ɗan kasuwa ba. Yana kuma cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa kamfanin ƴan ƙasa na Kano don a fara masana'antu.

Rasuwa da zuriya

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Ya kira ƴaƴansa da babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kamfanin ya wargaje, su riƙe zumunci da mutanen da suka yi masa aiki. Shi da ya ga yadda dukiyar mahaifinsa ta narke bayan rabon gado, ya san abin da yake gudu. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Ƴaƴan sun riƙe. Ahmadu, wanda aka haifa a 1916, ya ja ragamar kamfanin Alhassan Dantata and Sons har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya shahara a gyaɗa da sufurin motoci. Mamuda ya yi harkar jigilar alhazai da canjin kuɗi, daga nan unguwar Wapa ta Fagge ta samu sunanta, wurin da ƴan kasuwarmu ke canja sefa da naira. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya faɗaɗa gidan zuwa gine-gine da man fetur da banki, ya rasu a watan Yuni na 2025 aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ɗan Hajiya Mariya ne, ƴar Alhaji Sanusi, wato tattaɓa kunnen Alhassan.

Mu a nan Diffa mun san abin da ake nufi da yaƙi ya rufe kasuwa. Tun 2015 da aka sa dokar ta-ɓaci, an yi lokacin da aka hana cinikin tattasai da na kifi, kantuna da yawa sun rufe, masu jari sun koma zaman gudun hijira, marayu sun ƙaru a gidaje. Cikin yaran nan da ke hannun kakanni da maƙwabta akwai masu kan kasuwa. Wanda ke riƙe da maraya ya kula da rabon gadonsa har ya girma, ya koya masa ajiya da sana'a, kamar yadda Tata ta yi a Bebeji. Ƴan uwa na waje masu aiko da kuɗi su ma su duba, ko a cikin abin da ake aikowa na cefane za a ware wani abu ya zama jarin yaro.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da Tata da ta rene shi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wanda ke da tarihin wani tsohon ɗan kasuwa na garinsu, daga Boso har Gudumariya, yana iya kawo shi gidan rediyo domin filinmu na gaba.